Makanikin da Ya Mayar wa Haruffanmu Ƙugiyarsu

Duk wanda ya saba bin layin masu walda na Badarawa da safe ya san shagon, ko da bai san sunan mai shi ba. Ƙofa ce ta langalanga mai koren fenti, tsakanin wani tela da mai cajin batir. Kafin 'yan makaranta su gama wucewa za ka ji ƙarar tsohon babur daga wajen Malali. Mai babur ɗin zai faka a gindin dalbejiya, ya gaisa da maƙwabta gaisuwa gajera, ya buɗe ƙofa, ya share ƙasa da kansa. Sannan ya shimfiɗa tsohuwar jarida a kan tebur ya jera kayan aiki: magagari, filaya, ƙananan sukundireba, tsohon buroshin haƙori da gwangwanin kananzir. Tafiretar da ke kan layi ita zai jawo, ya zura farar takarda, ya buga haruffan duka daga na farko har na ƙarshe, ya ɗaga takardar wajen haske. A jikin takardar yake gane ciwon injin, kafin ya kwance ko noti ɗaya.

Wannan shi ne Malam Istifanus Kefas. Haka ya yi ta yi tun kafin a cire Katsina daga Kaduna. A ƙarshen watan jiya ya rufe shagon, saboda idanunsa sun ƙi. Shi ya sa na ga ya kamata a rubuta abin da ya yi tun yana nan da ransa, tun waɗanda suka gani da idonsu suna iya gyara ni in na yi kuskure.

Daga wani ƙauye kusa da Kafanchan ya zo Kaduna yana saurayi, ya kama aiki a wani kamfanin da ke shigo da injunan ofis. A nan ya lura da abin da kowa ya gani ya wuce. Tafiretocin da ake kawowa daga waje ba su da ɓ, ba su da ɗ, ba su da ƙ. Mai buga Hausa sai ya buga b da d da k, in ya gama ya bi da biro yana sa musu ƙugiya, in kuma ya gaji ya bar su haka. Istifanus ya koyi cire alamomin da ba a cika bugawa ba, ya sami harafin ƙarfe na safaya, ya goge siririyar tagulla da magagari, ya liƙa ta da dalma a kan harafin. Da ya buɗe shagonsa, wannan aikin ne ya fi jawo masa mutane. Majami'u masu buga waƙoƙin sujada, makarantun Islamiyya, masu fassara a ma'aikatu, duk ta hannunsa injunansu suka bi.

Ba mutum ne mai sauƙin sha'ani ba, gara a faɗa. Ba ya hira. Ba ya sakin inji sai ya gamsu, ko da mai shi na tsaye yana duba agogo. Akwai akawunan da suka yi fushi suka ɗauke kayansu suka kai wani wuri, daga baya suka dawo ba tare da an yi maganar ba.

Cikin waɗanda suka daɗe da shi akwai wata ƙungiyar yaƙi da jahilci ta mata da ke da ofis a Malali. Shugabarta, Hajiya Hansai, tsohuwar malamar makaranta ce. Su suke rubuta littattafan koyon karatu na azuzuwansu, mai buga musu kuwa wata matashiya ce, Mero. A farkon shekarar 1991 wasu masu ba da agaji suka ba ƙungiyar kwamfuta da firinta mai allura. Aka yi murna, aka tura tafiretoci biyun da Istifanus ya gyara cikin sito. Aiki ya yi sauri, shafi ya yi tsaf. Sai dai kwamfutar ma irin ta waje ce. Ƙugiya ta sake ɓacewa.

Mero ta koma bin shafuka da alƙalami kafin a kai maɗaba'a. Wasu ta gani, wasu su kuɓuce mata, ga ciwon kai kullum da la'asar. Littafi na biyu ya fita da gurbi da yawa. A wani aji a Badarawa, ana darasin ruwan gishiri da sukari na yaro mai gudawa, layin da ya kamata ya ce in ya ƙi sha, ki ƙara ba shi kaɗan-kaɗan, sai ya fito haka: in ya ki sha, ki kara ba shi. Wanda ya iya karatu zai cike gurbin da kansa bai ma sani ba. Amma mai koyo harafi-harafi take bi, abin da ta gani shi take faɗa. Wata mata ta karanta, ta sake karantawa, ta ɗaga kai ta ce, "Malama, karan me za a ba shi? Na dawa?"

Ajin ya yi dariya. Hajiya Hansai da ke zaune a baya ba ta yi ba.

Da kwamitin ƙungiyar ya zauna, yawancinsu suka ce a bar ƙugiyar kawai a huta, tunda har jaridu na yin haka kuma ba wanda ya mutu. Hajiya ta roƙi a ba ta zuwa ƙarshen damina. In ba a sami mafita ba, ta yarda a buga littafi na uku yadda suka ce. Daga wurin taron ta wuce Badarawa.

"Malam Istifanus, ka raba mu da wannan abu," in ji ta, bayan sun gaisa.

"Hajiya, ni fa ƙarfe na sani. Wannan kuwa ba a ganin harafinsa, balle a kama shi da filaya."

"Ni ban ce ka iya ba. Cewa na yi ka zo ka gani."

A lokacin ya haura hamsin, bai taɓa taɓa kwamfuta ba, kuma yana da dalilin ƙinta. Ita ce ke cinye masa sana'a. Ofisoshin da a da suke aiko masa da injuna a bayan mota sun fara tura su sito, kamar yadda ƙungiyar Hajiya ta yi. Duk da haka washegari ya je. Ya zagaya injin, ya leƙa bayansa, ya sa Mero ta buɗe murfin firinta. Ya ga kai guda mai 'yan allurai, babu harafi ko ɗaya.

"To ina haruffan suke kwana?"

"Baba, ai ɗigo-ɗigo yake haɗawa," in ji Mero. "Duba da kyau ka gani."

Ya ciro gilashin ƙara girma daga aljihu ya duƙa a kan takardar. Ya daɗe a haka. Da ya miƙe, sai ya nemi a ba shi shafin ya tafi da shi.

Mando ya nufa, wajen Saje Abdurrahim, tsohon sojan sama da ya yi ritaya ya buɗe shagon gyaran rediyo da talabijin, yana kuma duba kwamfutocin wasu ofisoshi. Sun san juna sama-sama ta wajen sayen dalma. Saje ya saurare shi, ya ce abin mai yiwuwa ne. Irin wannan firinta ana iya koya mata sabon harafi, haka ma fuskar kwamfutar, in dai an faɗa musu inda kowane ɗigo zai zauna.

"Faɗa wa injin ba zai gagare ni ba," in ji Saje. "Amma zane ba nawa ba ne. Rubutuna ko uwargida ba ta iya karantawa."

"Ni zan zana."

Haka suka raba aikin. Istifanus ya sayi littafin lissafi mai gida-gida na 'yan firamare, ya riƙa cike gidajen da fensir, gida ɗaya ɗigo ɗaya. Wurin ya yi ƙanƙanta ƙwarai. A kan ƙarfe yana da damar lanƙwasa tagulla yadda ya ga dama, a nan kuwa ɗigo ko dai yana nan ko ba ya nan. Ƙ ta farko da suka fitar ta yi kama da R. Ta biyu ta yi kama da k mai ƙurji a ka. Ƙugiyar ɗ kuma ta riƙa taɓo layin sama. Duk zanen da ya yi sai ya hau babur ya kai Mando, Saje ya mayar da shi lambobi, su buga, ya dawo da takardar. Ba ya yarda da idonsa shi kaɗai. Ajin matan Badarawa yake kai wa, ya tsaya a bakin ƙofa, malamar ta ɗaga takardar daga gaban allo ta tambayi na layin baya wane harafi ne wannan. In suka yi jinkiri, ya karɓi takardarsa ya koma.

A kan babban Ɗ suka ɓata da Saje. Saje ya ce ta yi, kowa zai gane. Istifanus ya ce ba ta yi ba. Saje ya ce shi fa yana da talabijin ɗin mutane jibge a shago, in Malam yana son ya ƙare rayuwarsa a kan harafi ɗaya to ya nemi wani. Istifanus ya naɗe takardunsa ya fita. Aiki ya tsaya, ruwa kuma ya riga ya sauka, wa'adin Hajiya na tafiya. Da Babbar Sallah ta zo, sai ga cinyar rago an aiko gidan Istifanus daga Mando, babu saƙon komai. Bayan sallah ya bayyana a shagon Saje da sabon zane. Saje ya duba ya ce, "Wannan ta fi." Ba su sake tayar da zancen ba.

Saura tambaya ɗaya: ta yaya mai bugu zai kira waɗannan haruffa? Kowane maɓalli a kan kibod yana da aikinsa a manhajar rubutun da Mero ke amfani da ita. Duk wanda Saje ya ara, sai wani abu ya lalace a wani wuri. Istifanus ya ce a bar shi ya kalli hannun Mero. Ya ja kujera ya zauna a bayanta tana aiki, har ta ce, "Baba, ka sa ina kuskure." Shi ba ita yake kallo ba. A sana'arsa ya san maɓallin da ake yawan taɓawa sheƙi yake yi, don yatsa na goge shi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ido. Can sama ta hannun dama ya ga guda wanda fuskarsa ke nan garas kamar ranar da aka fito da shi daga kwali. An rubuta masa Scroll Lock da Turanci, kuma yana da 'yar fitilarsa a gefe.

"Wannan fa, me yake yi?"

"Ba ya komai, Baba. In na taɓa shi bisa kuskure wuta ce kawai ke kamawa, sai in sake dannawa ta mutu."

Saje ya yi masa bayani daga baya. An yi maɓallin ne don masu aiki da faffaɗan jadawalin lambobi wanda ba ya shiga fuskar kwamfuta gaba ɗaya. A ka'ida, maɓallan kibiya suna matsar da alamar da ke nuna inda kake. In ka danna wannan, alamar ta tsaya cak a gidanta, shafin ne zai riƙa zamewa, ka leƙa can ƙarshe ka dawo ba ka ɓata wurinka ba. Masu rubutun zube ba ruwansu da shi, shi ya sa yake zaune haka.

Suka ba shi aiki. Mai bugu ya taɓa shi, fitila ta kama, harafin da ya biyo baya in b ne ko d ko k sai ya fito da ƙugiyarsa, fitilar ta mutu da kanta. Mero ta ce fitilar ce ta fi yi mata amfani, don da wutsiyar ido take ganin ko ta danna ko ba ta danna ba.

Ana cikin jin daɗi sai ga Malam Maliki, mai kula da siton ƙungiyar, wanda ke hawa kwamfutar da rana don duba littattafai da allunan da aka raba wa azuzuwa. Ya fito daga ofis rai a ɓace.

"Wa ya taɓa mini maɓallina? Jadawalina ya ƙi zamewa!"

Istifanus ya cire hula ya ce, "Ashe yana da mai shi. Laifina ne, Malam Maliki. Mero na tambaya, ban tambaye ka ba."

Maliki ya nuna masa yadda yake yi: sunayen azuzuwa a hagu, kaya a jere har can dama, ya danna maɓallin ya zagaya shafin duka ya dawo daidai layin da ya bari. Istifanus ya ce aiki ne mai kyau, ba za a ƙwace masa ba. Saje ya yi faifan tayar da inji guda biyu, ɗaya na Mero mai ƙugiya, ɗaya na Maliki wanda maɓallin ke aikinsa na asali. Tun daga ranar, duk ofishin da Istifanus ya shiga, sai ya fara tambaya ko akwai mai amfani da wannan maɓalli. Ya ce a duk yawonsa waɗanda suka amsa da i ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Kwamiti ya zauna ana cikin yankan gero. Mero ta buga darasin gishiri da sukari a gabansu, firinta ta yi ƙararta, aka miƙa takardar hannu zuwa hannu. Ba a yi tafi ba. Mai jagorantar zaman ta gyara tabarau ta duba, ta ce to a ci gaba da bugawa haka, aka shiga batun alli.

Kai ne, Malam Istifanus, da ba ka tsaya a nan ba. Ka sa Saje ya koya maka yadda ake ɗora abin a kan inji, kai da ka ce ƙarfe kaɗai ka sani. Ka sa faifai a aljihun gaban riga ka bi ƙananan maɗaba'u na cikin gari, da ofisoshin majami'u, da makarantun Islamiyya na Malali da Unguwar Rimi, wuraren da a da kake kai tafireta. Wanda ya zo da faifansa ka kwafa masa, ka ce shi ma ya kwafa wa wani. Wani mai maɗaba'a ya faɗa mini ya sami nasa ne daga hannun wani mutumin Zariya, wanda shi kuma bai san daga Badarawa abin ya fito ba. Masu bugu da yawa a garin nan sun yi shekaru suna taɓa maɓallin nan suna zaton haka Bature ya yi shi.

Abin bai dawwama ba. Wajen shekara uku da suka wuce aka fara shigo da sababbin kwamfutoci masu hotuna da ɗan abin nuni na hannu da ake kira linzami, da firintocin da ba su da allura. Faifan Istifanus da Saje ba ya aiki a kansu. Ofisoshi suka sauya injuna ɗaya bayan ɗaya, ƙugiya ta sake fara zubewa daga takardun Hausa, wasu na sa waƙafi a gaban harafi, wasu na bari haka. Maɓallin ya koma zaman da ya saba. Istifanus ya so ya sake zama a kan sabon injin, amma a lokacin gidajen littafin lissafi sun fara haɗe masa. Likitocin ido sun ce hawan jinin ido ne, an makara. Ya ci gaba da gyaran 'yan tafiretocin da suka rage da lalube da kunne, har ranar da ya mayar wa wani da injinsa sai aka dawo da shi saboda harafi ya karkace bai gani ba. A makon ya ce wa tela maƙwabcinsa ya nemi mai son shago.

Ƙungiyar matan ta yi masa ɗan taron sallama a harabar ofishinta ranar wata Asabar da hantsi. An jera benci, an kawo lemo da cincin. Saje ya zo da sandarsa, Maliki ya zo, Mero ta zo da goyo. 'Yan ajin manya sun rubuta masa 'yan layuka na godiya, kuma da yake ba ya iya gani, aka ce ɗaya daga cikinsu ta karanta masa. Wadda ta tashi wata dattijuwa ce, Delu, mai sayar da daddawa a kasuwar Malali, wadda ta fara riƙe fensir bayan ta yi jikoki. Ta riƙe takardar da hannu biyu ta karanta a hankali, tana bin layi da babban yatsa, ba ta tsallake kalma ba. Istifanus ya karkata kai yana saurare. Da ta gama ya tambaye ta da wane littafi ta koya.

"Na uku, Malam. Mai koren bango."

"Akwai wata ɗ a shafin ƙarshe da ƙugiyarta ta yi gajarta," in ji shi. "Ta daɗe tana damuna."

Delu ta ɗan yi tunani, ta ce, "Ban lura ba, Malam. Ni karatu nake yi."

Ya gyaɗa kai, ya karɓi takardar ya ninke ya sa a aljihu.

Mun gode, Baba Istifanus, maƙerin haruffa na Badarawa. Kai ne ka shiga aikin injin da ya kashe maka kasuwa, ka yi shi da kyau, ba ka sa sunanka a ko'ina ba. Allah ya saka maka, ya sauƙaƙa maka ciwon nan, ya ba Saje Abdurrahim lafiya shi ma.

Ku kuma samari da 'yan matan da ke fitowa daga makarantun fasaha kuna buɗe shagunan kwamfuta a kowane layi, sababbin injunan naku ne, ku kuka san cikinsu. Har yau ba su iya rubuta ƙasa ba, ba su iya rubuta ɗa ba. Gidan Baba Istifanus yana Malali, bayan makarantar firamare, kuma da rana yana zaune a ƙofar gida. Ba ya hira, amma in tambayar aiki ce zai amsa. Wani ya je.